Kaza Ta Kwana Kan Dami: A Koya Wa Yaran Kwaleji Na Damargu Buɗe Ƙamus



Kowace shekara in Oktoba ta kama, yara daga Gangara, Olelewa, Falanko, Tenhiya da ƙauyukan Tarka sukan ɗaure ɗan ƙunshinsu su nufi kwaleji. Wani a garinsu kwalejin yake, wani kuwa sai an nema masa mai masauki a Tanut ko Balbeji. Ranar farko a ajin 6e yaro zai tarar duniya ta sake. A firamare malami guda ne da shi, ya san shi, ya san gidansu. Nan kuwa malamai ne ke shiga suna fita, kowa da darasinsa: lissafi, tarihi da labarin ƙasa, kimiyyar halittu, Faransanci, ga kuma Ingilishi sabo fil. In ka cire Ingilishin, sauran duka da Faransanci ake yin su, harshen da yaron ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a bakin rijiya.

To me zai yi in ya ci karo da kalmar da bai sani ba? Abin da ya saba zai yi. Ya kwafe ta cikin kaye, ya haddace, ranar jarrabawa ya zubo ta yadda ta shiga. In ya koma masauki da dare, babu wanda zai tambaya. Mai masaukin nasa wataƙila bai yi lakwal ba, malamin kuma ya tafi gidansa. Yau kalma ɗaya, gobe biyar, kafin hutun farko darasi ya zame masa duhu. Daga nan sai a ce yaron ba shi da kai. Namiji ya kama hanyar Agadas, mace kuma a fara zancen aurenta.

Kiranmu na yau a kan abu guda ne: a mai da amfani da ƙamus darasi na gaske a azuzuwan 6e da 5e na kowane CEG da ke gundumomin Tanut da Balbeji. A ware masa lokaci, a ba shi littattafai, a riƙa auna shi kamar yadda ake auna lissafi.

Matsalar ba ɓoyayyiya ba ce. Binciken PASEC, wanda ke auna ƙwazon ɗalibai a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai kai matakin karatun da ake buƙata ba a ƙarshen firamare. A 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai kimanin uku cikin goma. An ci gaba, mun yarda. Amma saura bakwai ɗin fa? Da yawa cikinsu su ne ke zaune yau a bencin 6e, ana musu bayanin kusurwa da ƙwayar halitta cikin harshen da ko labari ba su iya karantawa da shi sosai ba. Malami ɗaya ba zai iya bin kowane yaro yana fassara masa kowace kalma ba. Dole yaron ya samu hanyar da zai taimaki kansa.

Mutane da yawa na zaton ai ƙamus ba ya son koyarwa, buɗewa kawai ake yi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa ya kalli ɗan 6e riƙe da Larousse ba. Zai fara daga shafi na ɗaya yana juyawa ganye-ganye, har a kaɗa ƙararrawa bai iso ba. Ga abubuwan da dole sai an zaunar da shi an nuna masa.

Na farko jerin haruffa. Yawancin yara sun iya rera shi daga farko zuwa ƙarshe, amma ka tambaye su tsakanin «m» da «r» wanne ke gaba, sai sun koma sun faro daga «a». Kuma harafin farko bai isa ba. Sai ya san cewa in kalmomi biyu sun haɗa harafin farko, na biyu ake dubawa, in sun haɗa na biyu a duba na uku. Sai ya san amfanin ƴan kalmomin nan da ke saman kowane shafi, waɗanda ke gaya masa inda shafin ya fara da inda ya ƙare.

Na biyu, kalmar da ke cikin darasi ba kullum ita ce ke cikin ƙamus ba. Yaro ya ga «ils vont», ya je harafin «v» yana nema, alhali maganar tana can ƙarƙashin «aller». Ya ga «chevaux», ana so ya koma «cheval». Ya ga «yeux», gidan kalmar na wajen «œil». In ba a koya masa mayar da aikatau tushensa ba, da mayar da jam'i tilo, zai rufe littafin ya ce kalmar ba ta ciki, kuma da gaskiyarsa.

Na uku, kuma shi ne babba, kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana huɗu. «Sommet» a wajen malamin lissafi tsinin kusurwa ne, a wajen malamin labarin ƙasa ƙololuwar dutse, a rediyo kuma taron shugabannin ƙasashe. «Cellule» a kimiyya ƙwayar halitta ce, a kotu ɗakin kaso. «Produit» a kasuwa haja ne, a lissafi sakamakon ninkawa. Yaron da bai ƙware ba, ma'anar farko yake ɗauka ya gudu. Wanda aka horar zai karanta duka, ya duba misalan da aka bayar, ya koma jimlarsa ya gwada wadda ta zauna.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa. In manomi a Damargu ya rubuto maka cewa fari ya cinye gonarsa, rashin ruwa yake nufi ko ƴan ƙwarin nan masu tashi? Baki na bambanta su da karin sauti da tsawon wasali, rubutu kuwa iri ɗaya ne. Haka gari na tuwo da gari na zama. Yaro ya riga ya iya warware irin wannan a harshensa tun yana goye. Abin da ya rage a nuna masa cewa dabarar guda ce a Faransanci.

Sai ƴan gajerun alamomi: «n.m.», «n.f.», «adj.», «v.». Su ne ke gaya masa kalma namiji ce ko mace, suna ce ko aikatau. Kurakuran «le» da «la» da ke cinye maki a rubutun yaranmu, maganinsu na nan kwance cikin haruffa biyun da ba wanda ya taɓa fassara musu.

Ku dubi takardar BEPC kuma. Tambayoyinta da kalmomin umarni suke farawa: «relève», «justifie», «compare», «déduis», «énumère». Yaro na iya sanin darasi tsaf ya faɗi, don an ce ya kawo hujja shi kuma ya jero sunaye. Shekara huɗu yana ganin kalmomin nan a allo, ba ranar da aka ce ya buɗe ya ga bambancinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan na 6e ne, ba na watan da za a shiga jarrabawa ba.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Nasara ce. Kalmar ƙamus kanta daga zaure ta fito. Wani malami, Firuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, ya tara kalmomin Larabci cikin littafi ya sa masa suna Alƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewaye. Littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan duk wani littafi irinsa. Malaman ƙasar Hausa da Barno sun san shi, sun yi aiki da shi, kuma tsarinsa ya fi na Larousse wuya nesa ba kusa ba: sai ka tuɓe wa kalma riga ka gano tushenta, ka nemi harafin ƙarshe na tushen, sannan ka dawo na farko. Ba wanda aka haifa da wannan. A gaban malami ake durƙusawa a koya. Yaranmu na makarantun Faransanci da Larabci ma suna buƙatar wannan horon sau biyu.

Ƙamusun Hausa kuwa, jiharmu na da hannu a cikinsa tun daga tushe. A Janairun 1851 Bature Barth da abokan tafiyarsa biyu suka ratsa Damargu, a Tagelel suka fara rabuwa. Da Barth ya koma Turai a 1855, ya tafi da samari biyu. Ɗayansu Dorugu ne, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar kafin a ƴanta shi. A Ingila ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön yana ba shi kalmomi da labarai, a lokacin shekarunsa ba su wuce na ɗalibin kwaleji ba. Ƙamusun da Schön ya buga a 1876, bakin yaron nan na cikin manyan rijiyoyin da aka ɗebo shi. Bayansa Faransawa Landeroin da Tilho, waɗanda suka zo aikin shata iyaka, su ma suka buga nasu na Hausa da Faransanci fiye da shekara ɗari da suka wuce, Bargery kuma ya fitar da nasa ƙato na Hausa da Ingilishi a 1934. Masu mulkin mallaka sun san cewa wanda zai shiga harshen wani, da ƙamus yake shiga. Mu ne muke tura ƴaƴanmu cikin harshensu hannu rabbana.

Kuma ba rashin littattafan ne ya kawo haka ba, domin an rubuta su. Abdu Mijinguini ya wallafa ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci tun 1987 a Yamai. Shirin Soutéba ya fitar da ƙamusun Hausa da Faransanci don makarantun firamare a 2008, mai kalmomi fiye da 7,000, bayan ya fitar da na Kanuri da na Tamajak, kuma daga baya shirin DiLAF ya ɗora su a intanet. Jami'ar Bayero ta Kano ta buga ƙamusun Hausa zalla a 2006. Ƙasar nan ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram tun 1973, ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, sannan kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk wannan dami ne a ƙasa. Tambayarmu ita ce, nawa daga ciki ya iso hannun yarinyar da ke 6e a Tarka?

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba mu raina shi ba.

Za a ce: yara na zaune ƙasa cikin ajin zana, malaman kwantiragi na jiran albashi, ku kuna zancen ƙamus? Gaskiya ne, kuma ba mu daina kuka a kan waɗannan ba. Amma gina aji sai kasafin gwamnati, sai ɗan kwangila, sai shekaru. Ƙamus goma a aji kuwa abu ne da iyaye da ƴan asalin gari za su iya yi kafin ƙarshen wata. A ce aji na da yara 60, an raba su shida-shida, kowane rukuni da littafinsa, aiki ya kama. Kuma inda malami ya yi ƙaranci, nan ne yaro ya fi buƙatar abin da zai tambaya in malamin ba ya nan.

Za a ce: ai yanzu komai na cikin waya. Wayar wa? Da wane caji, da kuɗin mega na wa? In ma an samu, manhajar fassara kalma ɗaya take miƙo maka ta yi shiru, ba ta gaya maka akwai wasu ma'anoni uku da ta bari. Yaron da ya saba da ƙamus na takarda shi ne zai iya kama waya in ta yi masa ƙarya. Wanda bai saba ba zai kwafe abin da ta ba shi, kamar dai yadda yake kwafe allo.

Za a ce: sa Hausa cikin aji zai kashe Faransancin yara. Mu dai abin da muka gani shi ne, yaro ya nemi kalma a ƙamusun Faransanci zalla, a fassara masa ita da wasu kalmomi uku da su ma bai sani ba. Ƙamus mai harshe biyu tsani ne. Ya fara da shi a 6e, ya haɗa shi da na Faransanci zalla a 5e, kafin 3e ya tsaya da ƙafarsa.

Za a ce kuma: Damargu ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ƙwarai kuwa. Akwai Abzinawa, akwai Dagirawa, akwai Fulani, akwai Larabawa, tun zamanin ayari tare ake zaune. Shi ya sa muke cewa akwatin kowane kwaleji ya ƙunshi ƙamusun Tamajak da na Kanuri da na Fulatanci gwargwadon yaran da ke wurin. Ɗan ƙasar nan, Ghoubeïd Alojaly, ya wallafa na Tamajak zuwa Faransanci tun 1980. Yaron da ya ga harshen uwarsa a buge cikin littafi, a jere kamar na kowa, ba zai ƙara jin kunyarsa a aji ba.

Daga ƙamus sai sauran littattafan bincike, domin dabarar ɗaya ce. Yaro ya san ƙunshiyar da ke farkon littafi da fihirisar da ke ƙarshensa. Ya iya buɗe littafin taswirori ya nemo garinsu da kansa, ya gano cewa Damagaram a can «Zinder» aka rubuta, Tanut kuma «Tanout», tana dab da layi na 15 arewa, kan hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas. Ya koyi duba wanda ya rubuta littafi da shekarar da aka buga shi. Littafin da aka buga kafin 2011 zai ce masa Balbeji cikin gundumar Tanut take, alhali tun shekarar ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Daga wannan ɗan misalin kaɗai yaro zai gane cewa rubutu ma na tsufa.

Amfanin bai tsaya a aji ba. A gidaje da yawa ɗan kwaleji shi ne mai karatun gida. Shi ake miƙa wa takardar asibiti, da kwalin maganin feshi, da maganin dabbobi, a ce duba mana. In bai san bambancin «avant» da «après» cin abinci ba sai ya yi kame-kame, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce bai sani ba. Haka saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Wanda ya saba tambayar «wa ya faɗa, yaushe, ina zan duba?» ba zai yi saurin tura abin da zai haɗa mutane faɗa ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata yara su sani: ƙamus aikin mutum ne, yana da giɓi. Mai cewa «hura» wani littafin sai ya same ta a «fura». «Hatsi» a nan gero muke nufi, a Kano kuwa ya haɗa har da dawa. Akwai sunayen irin gero, da na ciyayi, da na launin raƙuma, da na kayan rijiya da tsofaffinmu ke faɗa waɗanda da wuya ka same su duka a littafi. To a sa kowane aji ya buɗe kaye guda, kowane yaro ya kawo kalma daga bakin kakarsa, a rubuta ta da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ yadda ya kamata, a ba ta ma'ana da misali, a jera. Yaron da ya rubuta shafi ɗaya na ƙamus da hannunsa ba zai ƙara tsoron buɗe na wani ba.

Don haka ga abin da muke nema.

Daga hukumomin ilimi na Tanut da Balbeji da masu duba aikin malamai: a ware minti 20 sau biyu a mako cikin sa'o'in Faransanci na 6e da 5e, a kuma sa tambayar neman kalma cikin gwajin kowane zango.

Daga daraktoci: in akwai ƙamus a kabad, a fito da shi. Littafin da ya yi datti a hannun yara ya biya kuɗinsa. Wanda ke kulle kuwa gara ce za ta karanta shi. A yi rajistar aro, a naɗa yara biyu masu kula, mace da namiji.

Daga malamai, ba na Faransanci kaɗai ba: in yaro ya tambayi ma'anar kalma, a riƙa ce masa «mu duba tare». Malamin da ya buɗe ƙamus gaban ɗalibansa bai rage komai daga girmansa ba.

Daga COGES da ƙungiyoyin iyaye maza da mata: kaka ta kusa. A zauna a yanke abin da kowane gida zai iya, ko tiya guda ce, a sa shi a rubuce, a sayo littattafan a nuna wa kowa.

Daga ƴan Damargu mazauna Yamai, Arlit, Kano, Libiya da Aljeriya: kofin ƙwallon da kuke sa wa matasa lokacin hutu muna godiya. A bana a haɗa da kwali guda na ƙamus. Ɗalibanmu da ke Jami'ar André Salifou ta Damagaram kuma, mako guda cikin hutunku ya isa ku koya wa ƙannenku abin da ku kuka koya da wahala.

Daga ma'aikatar ilimi da INDRAP: a sake buga ƙamusoshin harsunanmu da yawa kuma da araha. Harshen da aka ɗaga a takardar doka, a hannun yara ake tabbatar da shi.

Mu kuma ƴan wannan tafiya, aikinmu na wannan wata mai sauƙi ne. Kowa ya je kwalejin da ya fi kusa da shi, ya gai da darakta cikin ladabi, ya tambayi abu biyu: ƙamus nawa ne a makarantar, kuma nawa ne yara ke taɓawa? A rubuta amsar, a kai ta taron COGES na gaba. Matambayi ba ya ɓata, in dai an nuna masa inda ake tambaya.

Allah ya sa a kwashe amfanin gona lafiya, ya buɗa wa yaranmu basira. Amin.